Da Ƙafata na Hau Hasumiyar Kolon

Muna idar da sallar asuba muka bar Matameye, ni da ɗana na biyu, wanda ya zo takanas daga Jamus don ya tafi da ni. Ku da kuka san ni kun san shekara talatin na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kun kuma san abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce: hawan jini ya kayar da ni a tsakar gida, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Allah ya ba ni sauƙi na miƙe, amma da sanda. Tun daga nan mutanen gida suka hana ni komai. Ko buta na ɗauka sai a karɓe, har ni ma na fara yarda cewa tawa ta ƙare, saura zaman tabarma.

Motar haya muka shiga ta hanyar Kance zuwa Damagaram. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai dama da hagu. Daga can muka hau babbar mota zuwa Yamai, yini guda cur ana abu ɗaya, sannan jirgin sama zuwa Jamus. Ɗana yana aikin lantarki a wani ƙaramin gari mai tsit, inda ko kukan akuya ba ka ji. Wurin likita ya fara kai ni. Likitan ya auna ni ciki da waje, ya ce zuciyata lafiya lau, in riƙa shan magani in kuma riƙa tafiya iyakar ƙarfina. Na ce wa ɗana ya sake fassara mini wannan ta ƙarshen, don shi ma ya ji da kyau.

Ran Asabar ya ce zai kai ni Kolon in ga birni. Jirgin ƙasa muka hau, tafiyar kamar awa guda. Kusa da ni wata mata ce da karenta kwance ƙarƙashin kujera, na tattare rigata na lafe jikin taga har muka iso.

Muna fitowa daga tasha na tsaya cak. Majami'ar garin ce a gabanmu, baƙa ƙirin don tsufa, da hasumiya biyu da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu. Filin gabanta kuwa cike yake kamar ranar kasuwar Matameye, sai dai ba mai kiran ciniki. Ga masu kiɗa, ga mai zane a ƙasa da alli, ga wani ya shafe jikinsa da fenti ya ƙame kamar gunki, yara na kewaya shi. Kekuna kuma ba sa jin tsoron kowa. Hanyarsu daban ce, in ka taka ta, tsohuwa ma sai ta kaɗa maka ƙararrawa ta harare ka.

Muka zaga cikin gari. Na ga kantin da ake sayar da turaren nan na kolon da tsofaffinmu ke shafawa ranar Juma'a, ashe sunan garin ne ya bi shi har gidajenmu. Na nemi ruwan sha aka ba ni mai iska yana tafasa a baki, na ce wannan ai magani ne. Abin da ya fi ba ni dariya, ban-ɗaki ma sai ka biya kafin ƙofa ta buɗe. Abincin rana wurin wani Baturke muka ci, naman halal cikin burodi da ganye, har da yaji mai ɗan motsi. Ya yi mini sallama da Larabci, ya kuma nuna mana inda za mu yi azahar.

Da muka dawo filin na ga mutane sun yi layi a wata ƙofa ta gefe. Ɗana ya ce masu hawa hasumiya ne, matakala ɗari biyar da talatin da uku, kuma babu na'urar da ke ɗaukar mutum.

Na ce, “Sayo mana tikiti.”

Ya ce, “Baba, don Allah ka rufa mini asiri. In wani abu ya same ka can sama, me zan gaya wa Inna?”

“Ka gaya mata abin da likita ya ce. Kai ka fassara, har sau biyu.”

Matakalar dutse ce, ƙunci gare ta, tana murɗawa kamar igiya. Masu saukowa na goga kafaɗa da masu hawa. Na sa ƙafar dama, in jawo ta hagu, in dafa bango, ɗana na bayana da hannuwa a buɗe. Ɗarin farko na ƙirga su da fara'a. Daga nan ƙirga ta ɓace mini, gumi ya jiƙa rigata, ƙafar hagu ta fara rawa kamar ba tawa ba. Da ƙyar muka kai ɗakin ƙararrawa, inda aka rataye wata wadda girmanta ya kusa rumbun hatsi. Na zauna ina haki. Gaskiya a nan na karaya, na ce a raina iyakata ke nan.

Wata tsohuwar Bajamushiya, kanta fari fat, tana hutawa gefena. Ta dubi sandata, ta buga ƙugunta da hannu ta yi magana tana dariya. Ɗana ya ce wai ƙashin ƙugunta na ƙarfe ne, likita ya sa mata, kuma kowace shekara sai ta hau nan. Wai kada in dubi sama, in dubi taki ɗaya da ke gabana. Na tambayi shekarunta. Ta girme ni da tara. Na sha ruwa, na yi bisimilla, na miƙe.

Ƙarshen hawan matakalar ƙarfe ce, kana hango ƙasa ta tsakanin ƙafafunka. Ban duba ba. Tsohuwa na gaba, ni na tsakiya, ɗana na baya yana ta salati a hankali. Sai iska mai sanyi ta bugi fuskata, na ga babu sauran taki.

Jama'a, ga kogin Rin shimfiɗe a ƙasa, jiragen ruwa na jan kaya a kansa, jiragen ƙasa na ratsa gada kamar tururuwa. Sau nawa na zana kogin nan a allo, na sa yara su haddace sunansa, ban taɓa tsammanin idona zai gan shi ba, balle daga sama. Na riƙe ragar ƙarfen da aka kewaye wurin da ita na ce alhamdu lillahi. Da na waiwaya, ɗana na share ido da hannun riga. Ya ce iska ce. Na ƙyale shi.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kwana biyu ina jiƙa ƙafa a ruwan zafi, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Bayan sati uku na dawo Matameye, an fara girbin gero. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ciwo ya tafi da rabin ƙarfina, sauran rabin kuma tausayin mutane ne ya kusa tafiya da shi, da yardata. Washegarin isowata na shiga gidan maƙwabcina Alhaji, wanda irin ciwona ya kwantar tun bara, bai ƙara leƙa waje ba. Ya ce in ba shi labarin Jamus. Na ce ba a ɗaki ba, ya tashi mu je ƙofar gida. Ya ce ba zai iya ba. Na miƙa masa hannu, muka yi taki goma sha ɗaya zuwa bakin zaure, ya zauna yana haki yana dariya. Yau sati biyu ke nan muna fita kullum da hantsi, kuma jiya da ƙafarsa ya shiga masallacin unguwa.