Man gyaɗa a kan noti

Ni dai tun ina yaro wautata ɗaya ce: ba na iya ganin abu a ajiye in ƙyale shi. Sai na taɓa, sai na gyara, ko ba a sa ni ba.

Shekarun baya, lokacin da rayuwa ta yi tsanani har sabulu ake yankawa a raba, ina da wata tsohuwar a-kori-kura. Ita kaɗai ce mota a ƙauyenmu, can bayan Dawakin Tofa. Ana dab da tsinkar tumatirin fadama injinta ya buga. Maƙwabta duk sun dogara da ni in kai musu kaya birni, tumatir kuwa ba ya jiran kowa.

Na kai ta wajen wani bakanike, Babarbare ne amma haifaffen nan, mutum mai tsantseni. Yana da wata doguwar sifana da yake naɗewa a tsumma kamar jariri. Ya ce kowane noti na kan inji da iyakar ƙarfin da ake ɗaure shi, in an kai wurin sai sifanar ta ce ƙas, sai a tsaya. Biyu daga ciki kuma raminsu ya ɓulla hanyar ruwa, dole a shafa wa zarensu gam. Na yi ta gyaɗa kai, ban fahimci komai ba. Ni a sanina, ɗauri ɗauri ne, kamar na mangalar jaki.

Ya tafi birni neman gaskit, shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa a inji, ya bar ni da noti a jere a kan kwali, busassu ƙayau. Sai suka ba ni tausayi. A leda akwai man gyaɗa da mahaifiyata ta ba ni in kai wa ƙanwarta. Na tsoma yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na goge sama-sama, na mayar.

Da ya dawo ya fara ɗauri, sai ya ɗaga hanci ya ce yana jin ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na ce a aljihuna yake. Ya shafa gam ɗinsa, sifana ta yi ta ƙas-ƙas ɗinta, inji ya tashi lafiya lau.

Washegari muka lafta kwanduna. Ba mu kai Ungogo ba tururi ya turnuƙe gaban mota. Lagireto ya ƙafe, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Nan muka yini a rana, ga man fetur ya yi wuya a lokacin, babu motar da za ta kwashe mu. Zuwa la'asar ruwan tumatir na ɗiga ta ƙarƙashin bodi, dattawan da suka biyo kayansu na kallo.

Kowa da tasa fassarar. Abokina direba ya rantse gaskit ɗin jabu ne. Mahaifiyata ta ce baki ne. Mutanen gari suka ce bakaniken ne bai iya ba, wasu suka daina kai masa ko injin ban-ruwa. Daga baya na ji wani na cewa in zare da maiƙo gam ba ya kamawa, noti kuma yana wuce iyakarsa kafin sifana ta yi magana. Wani ya ce ƙarya ne, shi kullum da mai yake ɗaurewa. To wa zan bi? Har yau in na tuna, wata rana in ce ni ne, wata rana in ce gaskit ne, kuma na fi jin daɗin ranakun gaskit.

Na daɗe ina kauce wa garejin bakaniken. Wata rana muka yi kiciɓis a wajen jana'iza, ya tsufa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Malam, sifanar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai a motarka," in ji shi. "Tun ranar ban sake yarda da ita ba. Kai da kake wurin, ka ga inda na kuskure?"