Tafin Hannu a Bangon Ajinmu

Gusau

Ana sallame asuba na bar gida a unguwar Damba, ko koko ban tsaya sha ba. Ran nan za a rushe tsohon ajin sakandaren ƙauyenmu a ɗora na bulo. Da gayya iyayenmu suka gina shi, kuma kafin yaɓe ya bushe kowa ya danna tafin hannunsa a bangon gabas. Na yi wa Malam Garba, shugaban makarantarmu na farko, alkawarin kai shi ya yi bankwana da bangon. Idonsa ya tafi, amma bakin yana nan daram.

A tasha direba ya ƙi tashi. "Hanyar ga ba a yi mata sammako, Alhaji." Sai bakwai muka ɗaga.

Tsafe

Bayan shingen sojoji biyu muka iso. Na iske Malam a ƙofar gida, ya sha babbar riga.

"Sani, har yau ba ka bar latti ba?"

Da furfurata na durƙusa ina ba da haƙuri. Inna, matarsa, ta ƙulle mana hoce, wainar dawa, a leda, muka juyo.

Kwatarkwashi

Gindin dutse muka sauka muka hau babura. Ni hankalina yana kan magina, shi kuwa Malam ya samu ɗan acaba yana ba shi tarihi: yadda aka fara karatu a gindin tsamiya, allo jingine da kututture, hadari na tasowa a tashi makaranta, yadda ya riƙa bin gonaki yana roƙon a ba shi aron yara zuwa azahar.

Makaranta

Daga nesa na hango an yaye kwano, ƙasa tsibi guda. Na ɗauka mun makara.

"Mi ka gani? Ka yi shiru," in ji Malam.

Bango uku sun kwanta, na gabas yana tsaye. Shugabar yanzu, Malama Hadiza, ta tarye mu tana dariya. "Baba, maginan duk 'yan garin ga ne. Kowa ya ɗaga diga sai ya ga hannun ubansa. Mun bar shi, sabon ajin zai jingina da shi."

Malam ya miƙa mini sandarsa, ya shiga lalube. "Wanga na Maigari ne, yatsa huɗu gare shi. Wanga nawa ne." Ɗalibai suka zagaye shi. Can ya tsaya. "Taho, Sani. Ga babanka. Shi ad da gardama, ya ce boko ba ta ciyar da kowa, amma shi ya fara kawo laka."

Ban taɓa sanin wanne ne nasa ba. Na sa hannuna a ciki, ya shige har da saura. Daɗi ya kama ni, na yi ta dariya ina share ido.

Gida

Na mayar da Malam Tsafe da la'asar, na shigo Gusau kafin magariba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Inna mai hoce, da maginan da suka kasa ɗaga diga.