Alkasum da Sheƙar Gaggafa

Bulala suka yi wa Alkasum a bakin bariki, gaban jama'a, kan ɗan akuya guda.

Mutumin Mirriya ne, aka kamo shi aikin tilas, aka ba shi kiwon awakin kwamandan Nasara a Damagaram. Bai iya ƙarya ba, bai iya lallashi ba. Wata rana da hantsi gaggafa ta sauko ta sure jaririn ɗan akuya a kan idonsa. Ya je ya faɗa. Kwamandan ya ɗaga kai, ya hangi wani ɗan shaho yana shawagi bisa akurkin kajinsa, ya ƙyalƙyale da dariya. Wai abin da ke fama da ɗan tsako ne zai ɗauki akuya? Manyan gari suna tsaye. Wallahi babu wanda bai san gaggafa ba a cikinsu, amma ko tari ba su yi ba. Aka ce Alkasum yankawa ya yi ya cinye.

Matarsa Lubabatu tana gasa masa baya ta ce, "Maigida, bar su da Allah."

"Ɗana ya tashi ana ce masa ɗan ɓarawo? Ko ƙashi ne sai na kai musu."

Ya san kukar da gaggafar take kwana. Tun yana yaro yake hawa sheƙar shaho: uwar ta yi ta tsuwa, ta kawo sura, ka kaɗa hula ta kauce. Da wannan sanin ya kafa turaku jikin kukar ya hau, ko sanda babu. Ashe gaggafa ba ta gargaɗi. Ta bayansa ta zo, shiru, farata kamar ƙugiya, ta dafe masa ƙeya da fuska. Ya saki reshe.

Mata masu ɗiban ganyen kuka suka tsince shi, ƙugu a karye, ido ɗaya babu, kofaton ɗan akuya damƙe a hannu. Aka kai kofaton bariki, gardi mai tsaron ƙofa ya jefa wa kare. Alkasum ya ƙare rayuwarsa da jan gindi, yana tufkar igiya a unguwar Zango, yara na kiransa Ci-akuya.

Har yau haka ake kiran gidan jikokinsa, har wajen neman aure. To, ku jikokin waɗancan manya, masu taƙama da rawunan gado, ku tara mutane a fili, ku faɗa da bakinku cewa tsoro kakanninku suka ji, ku wanke bawan Allahn nan.