Lambar da Ya Haddace

A ofishin da ake ba 'ya'yan tsofaffin sojoji tallafin wata uku, kowa na zaune a benci sai wani tsohon soja. Yana tsaye ƙiƙam, ƙirji a gaba, rigarsa ta sha guga har wuyanta ya koɗe. Takalminsa na ƙyalli, amma dunduniyar ta cinye. Irinsu sun gwammace yunwa da roƙo. Ko me ya gani a gida har ya tako nan, oho.

Ma'aikaciyar, sa'ar 'yar cikinsa, ta jawo fom. "Baba, lambar aikinka?"

Ya zayyano ta tiryan-tiryan, ko numfashi bai ja ba.

"To, yarinyar fa, yaushe aka haife ta?"

Yatsunsa suka shiga murza bakin hula.

"Muna bakin daga aka haife ta, 'yata. Uwarta ce ta riƙe ranar, ita kuma Allah ya yi mata rasuwa."

"Sai ka nemo takardar haihuwa, Baba. Alhamis muke rufewa."

Ya haɗe ƙafafu, ya sara mata, ya juya. Sai da ya kai bakin ƙofa, inda yake zaton ba mai ganinsa, kafaɗunsa suka sauka.