Dangwalin Labbo a Ranar Faretin Soja

Labbo Bafillace ne daga Kurawa. Shekarar da ciwo ya cinye shanunsa ya dawo Isa, ya zauna bakin kasuwa yana tukar igiya. Cikin dukan dukiyarsa abu ɗaya ya rage masa, wato dangwali, doguwar igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere. Na san shi da idona, kuma ban sa alƙalami a kan labarinsa ba sai da na tabbatar da kowace gaɓa daga bakin waɗanda suka halarta.

A zamanin babban yaƙin Nasara, mai shela ya zagaya gari da cewa soja za su yi fareti daga kasuwa zuwa ƙofar hakimi, da badujala da manyan motoci, domin samari su gani su yi sha'awar shiga. Ya kuma faɗi ladabin kallo: kowa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa bakin hanya, kada wanda ya ɗaga kai sai motar Nasara ta wuce. Mai saɓawa, bulalar 'yan doka na jiransa.

Mutane suka yi ta murna. Labbo kaɗai ya kasa cin tuwo. Ya taɓa kora shanu zuwa Gusau, a can ya ga babbar mota ta bi ta kan maraƙi, direba bai ko sani ba, domin wanda ke can sama ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancin motarsa. Ya yi ta juya maganar mai shela a ransa. Idan kowane babba ya sunkuyar da kai, wa zai ga yara?

Da hantsin ranar ya kafa turaku biyu gindin tsamiya, nesa kaɗan da hanya, ya shimfiɗa dangwalinsa. Ya bi mata yana roƙo su ba shi ƙananan yara ya zarga musu a kugu har a gama.

Tsohuwa Larai mai daddawa ta dube shi sama da ƙasa. “Kai Bahillace, shanu sun ƙare ka koma kiwon ɗiyan mutane? Nono za ka tatsa?”

“Inna, ke dai ba ni ta. In an watse ki amshi abinki da ƙafafunta biyu.”

Ta yi dariya, ta miƙa masa jikanyarta Rahmatu, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Wasu matan suka bi sahu, wasu suka ja 'ya'yansu suna tsaki.

Ana haka sai ga uban Rahmatu, Usmanu, wakilin mai unguwa, cikin babbar riga. Da ya ga 'yarsa a zarge tsakanin yaran talakawa, fuskarsa ta canza.

“Wa ya ɗaure min ɗiya kamar dabba? Kwance ta!”

“Ranka shi daɗe, motar nan ba ta da ido. Za ni riƙe ta har su wuce.”

“Gaban ubanta za ta zauna. Ni ban iya tsaron ɗiyata?”

Labbo ya kwance zargen. Usmanu ya ɗauki yarinyar ya zaunar da ita kusa da shi a sahun gaba, daidai bakin hanya.

Aka fara jin badujala daga wajen kasuwa, ƙasa na amsa dukanta. Soja suka bayyana a jere, takalmansu na sauka tare, ba mai duban dama ko hagu. Bayansu motocin na tafe suna gurnani. 'Yan doka suka ɗaga bulala suna cewa, “Ƙasa! Ƙasa!” Gari duka ya durƙushe. Usmanu, da yake ya fi kowa sanin ladabi, ya kai goshinsa kusa da turɓaya, tafukansa biyu a shimfiɗe.

Rahmatu ta miƙe. Ta hango ƙyallin begilar da soja ke busawa, ta taka zuwa tsakiyar hanya, cikin ratar da ke tsakanin sahun soja na ƙarshe da motar farko. Ɗaruruwan mutane na wurin, kowa yana kallon ƙasar gabansa.

Labbo bai durƙusa ba. Tun farko tsaye yake jikin tsamiya, idonsa bai bar zargen da ya kwance ba, daga nan ya koma kan yarinyar. Ya tsallake bayan mutane a guje. Wani ɗan doka ya zabga masa bulala a wuya, bai tsaya ba. Ya fizgi Rahmatu ta hannu ya wurga ta kan rigar ubanta. Shi kuwa ƙafarsa ta hagu ba ta fita daga gaban tayar motar ba.

Ƙarar badujala ta rufe ihunsa. Motar ba ta tsaya ba, ta biyu ma ta kauce kaɗan ta wuce. Ba wanda ya ɗaga kai sai da motar Nasara ta ba da baya. Sa'an nan aka ga Labbo kwance, da Usmanu rungume da 'yarsa yana tambayar wanda ya jefo ta.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke a karkace. Usmanu bai taɓa zuwa gaishe shi ba, amma Larai ta kai masa tuwo har ya fara takawa da sanda.

Ladabin kallo bai canza ba. An ci gaba da sunkuyar da kai duk lokacin da manya suka ratsa gari, motoci kuma suka ƙara yawa. Abin da ya canza shi ne mata suka riƙa kai yara gindin tsamiya tun kafin a roƙe su, har Rahmatu, wadda kakarta ke kawowa ta bayan kasuwa don kada ubanta ya gani.

Labbo ya rayu shekaru bayan haka, kuma bai ƙara duban fareti ba. Da zarar an buga badujala sai ya juya wa hanya baya, ya bi dangwalin da hannu zarge bayan zarge, yana lalubar ko akwai wanda ya saki.