Gwajin Rumfa a Hanyar Ajingi

Har gobe ban manta da ranar da muka fita gwajin rumfa a hanyar Gaya zuwa Ajingi ba, a farkon damina. Lokacin ina mataimakin injiniya a wani ƙaramin kamfani da ke ƙera wa babura masu ƙafa uku rumfa, don manoma su kai kaya kasuwa ruwa bai taɓa su ba.

Ga yadda aikin yake. Ana zana rumfar a kwamfuta, a sa ta lissafa yadda iska za ta bi jikinta idan babur na gudu. Injiniya Hadiza, 'yar Toranke, ita ta yi wannan, ta kuma sha wahalarsa. Nawa aikin shi ne in tabbatar ko abin da kwamfuta ta faɗa haka yake a kan titi. Mukan manna gajerun zaruruwa a jikin rumfar, mu bi babur a baya da kyamara muna kallon inda suka karkata.

Da safe komai ya dace da lissafi, Hadiza har da dariyarta. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, iska ta fara bugun babur ta gefe. Sai na ga zaruruwan sun miƙe sama, tayar baya ɗaya ta ɗaga daga kwalta. Direbanmu, Malam Idi, ya tsaya ya sauko.

"Injiniya, wallahi ji na yi kamar an sure ni. Ina da iyali, ba na ƙara hawa."

Hadiza ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Iskar gaba kaɗai muka sa a lissafin. Na nemi lokaci in sa ta gefe, aka ce sauri ake."

Washegari manaja ya kira ni ofis.

"Malam Sabo, ka rubuta cewa hadari ne ya ɓata gwajin mana. Ka san mutum nawa ke cin abinci a nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a cikin hadarin manoma za su hau shi."

Na rubuta abin da na gani. Masu ɗaukar nauyin aikin ba su jira gyara ba, suka janye. Kafin kaka an rufe kamfanin. Hadiza ta koma gida tana koyarwa. Mun haɗu sau ɗaya a tashar Gaya, ta ce, "Gaskiya ka rubuta, Yaya Sabo," amma ba ta ɗago ta dube ni ba. Ɗaya daga cikin masu waldarmu kuwa har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani kwamfuta abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa, sauran yana wuyanku. Waɗanda kuka tsare daga hatsari ba za su taɓa sanin sunanku ba. Waɗanda suka rasa abincinsu kuwa ba sa mantawa da sunan naku.