Tasar Kaka Ba ta Sayarwa Ba Ce

Sana'ata zanen katin biki da tallan shaguna a kwamfuta. Abin da raina yake so kuwa daban ne: ɗaukar hoton tsofaffin kayan jere na gidanmu a Daura, tasoshi da faya-fayi da ƙoren da kakata ta bari a adudun Inna. Duka biyun na zuba su a shafina na intanet, ba tsari ba komai. Sai ga hoton tasar Kaka gefe da gefe da tallan wani mai kayan babur, a ƙasa an rubuta "a tuntuɓe mu".

Aka kuwa tuntuɓe mu. Wata dillaliya ta gani a wayar 'yarta, ta hau babur tun daga Mai'adua ta yi sallama a tsakar gidanmu. Bayan gaisuwa ta dubi Inna ta ce, "Hajiya, tasar nan da kuka fitar, nawa za ku bari?"

Inna ta ba ta ruwa, ta sallame ta cikin mutunci. Sannan ta juyo kaina.

"Kayan uwata kika kai kasuwa?"

Na ce ba kasuwa ba ce, nuni ne kawai. Ta ce ita dai a saninta, duk abin da aka jera kusa da haja, haja ne. Ta ɗaure adudun ta tura ƙarƙashin gado, daga ranar kuma in na gaishe ta sai ta amsa da "lafiya" ta yi shiru. Dillaliyar ta ba ni haushi, amma shirun Inna shi ya hana ni sakat.

Na zauna na rushe shafin nan na sake gini. Na yi masa zaure, inda masu neman kati da talla za su tsaya. Kayan Kaka na kai su can ciki, shafinsu daban, babu lambar waya, a sama an rubuta cewa ba na sayarwa ba ne. Ƙarƙashin kowane hoto na sa ɗan abin da na sani game da shi, wanda bai taka kara ya karya ba.

Na miƙa wa Inna waya bayan la'asar. Na karanta mata, tana ji, har muka zo kan wani faifai mai jan baki.

"Wa ya ce miki na Kaka ne? Ni na saƙa shi, ina budurwa. Dubi yadda bakin ya karkace."

Dariya ta ƙwace mini, har da ƙwalla. Ta harare ni, ta sunkuya ta jawo adudun tana kwance igiyar.

"Ɗauko abin hoton naki," in ji ta. "In za ki nuna wa duniya, to ki zauna in faɗa miki na wane ne wane."